Makokin da ba a shimfiɗa wa tabarma: halin da iyayen yara masu naƙasa ke ciki

Idan aka yi rasuwa a Unguwar Rogo ko Gangare a garin Jos, babu wanda ke buƙatar a koya masa abin yi. Kafin a dawo daga maƙabarta an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, mata sun cika tsakar gida, maƙwabta sun ɗora tukunya. Kwana uku ana karɓar gaisuwa. Matar mamaci ta shiga takaba ta wata huɗu da kwana goma, kowa ya san ranar shigarta da ranar fitarta. Amma akwai wani baƙin ciki da ke shiga gidajenmu babu gawa babu likkafani: na uwa da uban da aka gaya musu cewa ɗansu ba zai taka ba, ko ba zai ji ba, ko ƙwaƙwalwarsa ba za ta bi ta sa'o'insa ba. Wannan babu mai zuwa gaisuwarsa. Yaron yana nan da ransa, yana shan nono, wani lokaci har da murmushi, saboda haka ita kanta uwar nauyi take ji ta ce tana cikin makoki. Makokin wa, alhali ga ɗanta a cinya?

Amsar ita ce, makokin ɗan da aka yi wata tara ana rainonsa a zuci. Tun ciki bai fito ba uwa ta ga ranar da zai fara tatata, ta ga ranar da za ta ɗaura masa jakar makaranta, ta ga saukarsa, har ta hango aurensa. Uba ya riga ya ga mai tsaya masa a shago ko mai ɗaukarsa zuwa masallaci idan ƙafa ta gaza. Wasu masana biyu a Amurka, Albert Solnit da Mary Stark, sun rubuta tun 1961 cewa iyayen da suka haifi ɗa mai naƙasa suna juyayin rashin ɗan da suka sa rai da shi, a daidai lokacin da ake buƙatar su rungumi wanda ya zo. Aiki biyu ne a lokaci guda, kuma babu hutu tsakaninsu, domin jariri ba ya jira uwarsa ta gama kuka kafin ya nemi nono.

A wurinmu labarin ba ya cika zuwa a rana ɗaya. Lalurar Down, wadda ke faruwa idan yaro ya zo da ƙunshin ƙwayoyin gado 47 maimakon 46, ana iya ganin alamarta a fuska tun ranar haihuwa, kuma kusan rabin yaran da ke da ita suna zuwa da matsalar zuciya. Amma raunin ƙwaƙwalwa da ke shanye gaɓoɓi, wanda ma'aikatan asibiti ke kira CP, sannu a hankali yake bayyana. An yi suna lafiya, an yanka rago, an gama wankan jego. Wata huɗu ya wuce wuya bai tsaya ba. Wata tara ya wuce yaro bai zauna ba. Kaka ta ce, "Ƙiba ce, haka ubansa ya yi." Shekara ɗaya da rabi ta wuce bai miƙe ba, sai a ce nauyin ƙafa ne. Wanda bai yi magana ba kuma a ce nauyin baki ne, namiji ne, zai yi. Uwa ita ce ta fara sani. Ita ke yi masa wanka, ita ke jin yadda ƙafafunsa ke sanƙarewa su harɗe idan ta ɗaga shi, ita ke ganin hannunsa a dunƙule kullum. Takan yi watanni tana ɗauke da wannan sanin ita kaɗai, tana tsoron ta furta kada a ce ta yi wa ɗanta mugun baki.

Ranar da likita ya tabbatar, iyaye da yawa ba sa riƙe komai daga abin da ya faɗa bayan jimlar farko. Kunne ya toshe. Su fito daga asibitin koyarwa na Jami'ar Jos a Lamingo da takarda a hannu, su hau Keke, har su isa gida babu wanda ya ce da wani uffan. Abin da ke biyo baya kuma kusan iri ɗaya ne a gidaje da yawa: neman wani likitan da zai faɗi wata magana daban, sai mai magani a Bukuru, sai wani da aka ce ya taɓa tayar da gurgu a wani gari mai nisa, sai rubutu, sai hayaƙi, sai turare. Ba na ganin wautar iyaye a wannan yawo. Zuciya ce ke neman ƙofa. Abin da ke ƙona mini rai shi ne masu cin kasuwa a kansa, waɗanda ke karɓar kuɗin awaki da sarƙar aure su yi alkawarin yaro zai miƙe kafin kwana arba'in.

Tambayar da ke hana barci a wannan lokacin ita ce, laifin wa? Uwa takan tono duk abin da ta ci da ciki, duk inda ta taka da magariba, duk ranar da ta fasa zuwa awo. Dangin miji kuma ba sa rasa mai cewa, "A zuri'armu dai ba mu san irin wannan ba." Wasu su ce sammu ne na kishiya, wasu su ce aljanu ne suka musanya shi ranar da ta bar shi shi kaɗai a ɗaki. Mafi muni shi ne a kira shi ɗan ruwa, har a ba da shawarar a kai shi bakin rafi a ajiye wai zai rikiɗe ya koma inda ya fito. Wannan kisan kai ne, ko da wane suna aka sa masa.

Abin da likitanci ya sani ya sha bamban. Manyan dalilan CP a Najeriya sun haɗa da doguwar naƙuda da ke hana iska isa ƙwaƙwalwar jariri, da ciwon shawara mai tsanani a makon farko na haihuwa, da haihuwar bakwaini, da cututtukan da ke taɓa ƙwaƙwalwa irin su sanƙarau da zazzaɓin cizon sauro mai hawa kai. Shawarar nan ta cancanci a tsaya a kanta. Jariri ya yi ɗorawa a ido da fata, a gida a ce a shanya shi a hantsi, a ba shi ruwan gulukos ko jiƙon ɗanyar gwanda, alhali sinadarin da ke sa launin yana taruwa har ya kai ga ƙwaƙwalwa. A asibiti fitila mai shuɗin haske ake sa shi a ƙarƙashinta, idan abin ya yi nisa a yi masa canjin jini. Akwai kuma jarirai da yawa, musamman maza, da ke zuwa da ƙarancin wani sinadari a jini mai suna G6PD, waɗanda ƙwallayen kafur da muke zubawa a akwatin kayan jarirai kan fasa musu jini su jawo shawarar. Na kawo wannan ne don jariran da za a haifa gobe. Uwar da abin ya riga ya faru da ita ta yi aiki ne da iya sanin da take da shi da shawarar manyan da ke kanta, kuma sau da yawa ba ita ke da ikon cewa a tafi asibiti ba. Lalurar Down kuwa tun a ɗaukar ciki take faruwa, babu abincin da ya jawo ta, babu aikin da ya jawo ta. Haka otizim, lalurar da ke shafar magana da mu'amalar yaro da mutane, wanda wasu ke kira galahanga: ba rashin tarbiyya ba ne, ba allurar rigakafi ke kawo shi ba. Likitan da ya ɗauki minti goma ya zaunar da miji da mata, in da hali har da uwar miji, ya bayyana musu wannan da Hausa, ya sauke wa matar wani kaya da za ta iya shekara ashirin tana dakonsa.

Yanzu ga inda mutane da yawa ke kuskuren fahimta, har da masu ilimi. An saba jin cewa baƙin ciki matakai ne: musantawa, fushi, neman mafita ta kowace hanya, karyewar zuciya, sannan karɓar ƙaddara. Wannan tsari na wata likita ce, Elisabeth Kübler-Ross, wadda ta fitar da shi a 1969 daga hirarrakinta da majinyatan da ke dab da mutuwa. Iyayen yara masu naƙasa suna ɗanɗana duk waɗannan, amma ba a jere ba, kuma ba sa kai wa wani mataki na ƙarshe su rufe littafi. Wanda ya fi kusa da gaskiyar lamarinsu shi ne Simon Olshansky, wani ma'aikacin jin daɗin jama'a a Amurka, wanda a 1962 ya rubuta cewa iyayen yara masu raunin ƙwaƙwalwa suna rayuwa da wani baƙin ciki mai ɗorewa, yana lafawa yana tashi, kuma wannan ba cuta ba ce, martani ne na lafiyayyen mutum ga abu mai ciwo. Ya ma ja kunnen ma'aikata su daina matsa wa iyaye da cewa lallai sai sun nuna sun karɓi abin sun wuce wurin.

Duk wanda ya taɓa karaya ya zauna a Jos ya san yadda tsohuwar karaya ke yi. Ƙashi ya ɗoru, kana tafiyarka kana harkarka, amma da sanyin Disamba ya sauko sai wurin ya riƙa tuna maka. Haka wannan baƙin cikin yake. Uwa ta saba, tana dariya, tana sana'arta, ta san kukan yunwa da kukan ciwo na ɗanta. Sai ranar da aka kai 'yar maƙwabciya, wadda aka haife su wata ɗaya, ajin farko na firamare da sabon yunifom. Sai ranar da ƙaninsa ya miƙe ya taka ya wuce shi yana kwance. Sai ranar Sallah da yara suka fita yawo da sababbin kaya. Sai walimar saukar sa'o'insa. Idan mace ce, sai ranar da ta fara al'ada, tsoro sabo ya shigo na yadda za a tsare ta daga mugaye. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana dawo da ciwon ɗanye, kuma uwar da ba a gaya mata haka abin yake ba sai ta ɗauka imaninta ne ya yi rauni, ko kuwa ba ta son ɗan ne.

Ba haka ba ne, kuma addini bai ce haka ba. Annabi Yaƙubu, alaihis salam, shi ne ya ambaci haƙuri mai kyau, kuma shi ne idanunsa suka yi fari saboda baƙin cikin rabuwa da Yusufu. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya zubar da hawaye a kan ɗansa Ibrahim, ya bayyana cewa ido na hawaye, zuciya na baƙin ciki, amma harshe ba ya faɗin sai abin da Ubangiji ya yarda da shi. Maƙwabtanmu Kirista kuma suna da labarin mutumin da aka haifa makaho, wanda almajirai suka tambaya ko zunubinsa ne ko na iyayensa, aka amsa musu cewa ba na kowa ba ne. Saboda haka idan mace ta fara buɗe cikinta aka tare ta da "Haba Maman Abba, ki yi haƙuri mana, kada ki yi saɓo," an rufe mata baki ne da sunan nasiha. Haƙurin tana yin sa tun asuba, lokacin da ta ɗauki awa guda tana ba shi kunu cokali-cokali, tana tallafe haɓarsa kada ya shaƙe. Abin da ta rasa shi ne wanda zai zauna ya ji ta har ta gama.

Uba kuma nasa salon daban ne, shi ya sa ake yawan zarginsa da rashin damuwa. An tarbiyyantar da shi a kan namiji ba ya kuka. Sai ya mayar da ciwon aiki: ya daɗe a kasuwa, ya yi ta lissafin kuɗin magani, ya dawo gida ya yi shiru. Matar ta ga shirun ta ce bai damu ba. Shi kuma ya ga kukanta ya ji kamar ana tuhumarsa da gazawa. A majalisa abokai suna labarin 'ya'yansu, shi ba ya ambaton wannan ɗan. Akwai mazan da ke guduwa, su saki matar ko su ƙaro aure su bar ta da ɗawainiya, kuma wannan zalunci ne da bai kamata dangi su riƙa rufa masa asiri ba. Amma akwai da yawa da ke tsaye, za ka gan su da sassafe a layin sashen gashin ƙashi, yaro a kafaɗa, kati a aljihu. Su ma babu mai tambayarsu yaya zuciya. Yayye da ƙanne ma suna da rabonsu, musamman babbar 'ya mace da ke zama uwa ta biyu tun tana firamare, wani lokaci har karatunta ya tafi a haka.

Wani abin da nake so a gane shi ne, babban kaso na wannan baƙin ciki ba daga yaron yake fitowa ba. Daga gajiya yake, da talauci, da idon mutane. Ɗauki uwar da ke Rikkos da yaro ɗan shekara bakwai wanda ba ya zama. Ranar asibiti za ta goya shi da zani biyu, ƙafafunsa na dukan ƙwaurinta, ta bi lungu mai duwatsu zuwa titi. Mai Keke ya ga goyon ya ce sai ta biya kujera biyu. A cikin Keken wata ta ƙura wa yaron ido, ta ja ɗanta gefe. Ga kuɗin famfas da ba ya ƙarewa, ga maganin farfaɗiya da ba a tsallake ko kwana ɗaya, ga sana'ar da ta mutu saboda babu wanda za a bar wa shi. Biki da suna ta daina zuwa, tun ranar da aka ce mata mai ciki ba ta son ganinsa. A cire mata rabin waɗannan, za a ga wata mace daban, ko da yaron bai canja ba.

Ba kuma 'yan tsiraru ba ne. Asusun UNICEF ya ƙiyasta a 2021 cewa yara kusan miliyan 240 ne ke da naƙasa a duniya, wato ɗaya cikin goma. Filato tana da tarihin da ya kamata ta yi gaba a wannan fanni. A Gindiri aka buɗe makarantar makafi a 1953, ta farko a Najeriya. Akwai makarantar kurame a Bassa, Jami'ar Jos tana da sashen horar da malaman yara masu buƙata ta musamman, jihar kuma tana da hukumar kare haƙƙin masu naƙasa. A matakin tarayya, Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa masu naƙasa wariya a Janairun 2019, wadda ta tanadi tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ga mutumin da ya karya ta, ta kuma ba su haƙƙin karatu kyauta har sakandare. A 2020 aka kafa hukumar masu naƙasa ta ƙasa a Abuja, kuma ɗan Filato, James Lalu, shi ne ya fara riƙe ta. Duk da haka, makaho da kurma sun fi samun inda za su dosa. Yaro mai CP ko otizim ko raunin fahimta, sau da yawa makarantar unguwa cewa take ba ta da malaminsa, ta kuɗi mai kula da irinsu kuma ta fi ƙarfin mai sayar da kayan miya. Ko Islamiyya ba kowacce ke karɓarsa ba.

To me ke sauƙaƙa wa iyaye? Na farko, gaskiya daga bakin likita, ba tare da yanke ƙauna ba kuma ba tare da alkawarin ƙarya ba. Raunin da ke kawo CP ba ya warkewa, amma kuma ba ya ƙaruwa, kuma gashin ƙashi da aka fara da wuri yana hana gaɓoɓi ƙagewa, yana taimaka wa wani ya zauna, wani ya riƙe kofi, wani ma ya taka. Yaro kurma da aka koya masa maganar hannu tun yana ƙarami, aka kuma koya wa 'yan gidansu, yana karatu kamar kowa. Idan ma'auni ya tashi daga ɗan maƙwabta ya koma kan yaron da kansa, jiya da yau, sai farin ciki ya sami hanyar shigowa. Na ga gidan da aka yi guɗa ranar da yarinya 'yar shekara biyar ta kai loma bakinta da hannunta, kuma guɗar ta gaske ce.

Sai haɗuwa da wasu iyayen. Bencin jira na asibiti ya yi wa mata da yawa abin da dangi ba su yi musu ba. A nan ake koyon yadda ake yanka bokitin roba a cusa matashi ya zama kujerar zama, da kaurin kunun da ba ya shaƙe yaro, da inda ake samun magani da sauƙi. A nan ne kuma mace za ta iya cewa, "Wallahi Yaya, jiya na gaji har na ji da ma ban haife shi ba," a amsa mata da "Ni ma na taɓa jin haka," ba a zare mata ido ba. Dangi da maƙwabta kuwa, taimakonsu mafi amfani ba ya wuce abin da hannu zai yi: a karɓi yaron na awa uku uwar ta yi barci, a raka ta asibiti, a kira shi da sunansa, a bar yara su yi wasa da shi.

Akwai iyaka tsakanin wannan baƙin ciki mai zuwa yana tafiya da ciwon damuwa da ke buƙatar magani. Idan uwa ko uba suka yi mako biyu ko fiye babu barci, babu cin abinci, babu sha'awar komai, ko tunanin cutar da kai ko cutar da yaron ya fara zuwa, wannan ya wuce a ce a yi ta addu'a kawai. A haɗa addu'ar da ganin likita. Asibitin koyarwa na Jos yana da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma zuwa can ba ya nufin mutum ya haukace.

Tambayar da ta fi kowacce nauyi takan zo ne idan furfura ta fara fitowa: wa zai riƙe shi bayan raina? Iyaye da yawa suna kwana da ita amma ba sa furtawa, suna ganin kamar kiran mutuwa ne. Gara a yi maganar tun ana da ƙarfi. A Musulunci naƙasa ba ta rage wa ɗa ko kwabo daga gadonsa, wanda kuma ba zai iya juya dukiya ba ana naɗa masa amintaccen da zai kula da ita, a ciyar da shi a tufatar da shi daga cikinta. A tara 'yan'uwansa a tambaye su, kada a ɗora wa babbar ya ita kaɗai don kawai ta saba. A nemi malami masanin gado ya bayyana abin da uba zai iya mallaka wa yaron tun yana raye, a rubuta a gaban shaidu. A kuma rubuta sunayen magungunansa, da lokutan shansu, da lambar katinsa na asibiti, da abin da yake nufi idan ya yi wani sauti ko ya juya kai, a ajiye inda mutum biyu ko uku suka sani.